Ranar da Luba Ta Kira Sunan Ɗanta

Kwalaben sun shigo gidan Malam Mati na Unguwar Gawo ne a damina ta biyu bayan cire tallafin mai, lokacin da gero ya kai ƙugu a gona, rumbu kuwa har ɓeraye sun yi masa ƙaura. Basiru ne ya ɗauro su a bayan babur daga Kano, cikin kwali, ya sauke su a tsakar gida da irin lallaɓawar da ake yi wa ƙwai. Kowace kwalba tana ɗauke da hoton wani fure mai ƙayoyi. Sunansa na Turanci wai milik tisil, amma da yake ba wanda ya iya riƙe wannan a gidan, sai aka raɗa masa Mai Ƙaya.

Basiru shi ne ɗan farin Luba, matar Malam Mati. Ya gama kwalejin horar da malamai da daɗewa, ya kai takardunsa duk wani ofishi mai ƙofa, kowane ofishi kuma ya karɓa ya adana masa su bisa amana. Da wani kamfani na Kano ya ce zai naɗa shi wakilin sayar da maganin wankin hanta, sai Malam Mati ya kai maraƙinsa kasuwar Bici, maraƙin ya koma kwali.

Luba ba ta taɓa kiran sunan Basiru ba. Haka al'adar ɗan fari take a wajen matan da suka san kansu, ita kuwa ta riƙe ta fiye da kowa. Tana yaye shi aka kai wa kakarsa. Idan zance ya tilasta mata ambatonsa sai ta ce "yaron nan", da ya yi aure ya samu ƙarin girma ya koma "mijin Zulai". In ya gaishe ta, tukunya take duba ta amsa. In tana da magana da shi, sai ta faɗa wa matarsa Zulaihatu, ko da kuwa yana tsaye a wurin. Matan unguwa da ita suke misali, musamman yanzu da 'yan zamani suke cilla ɗan fari sama suna cafewa a bainar jama'a. Cikin duk abin da Luba ta mallaka, wannan kunya ce kaɗai tsadar rayuwa ba ta taɓa ba.

"Inna ce za ta fara sha," in ji Basiru a wannan maraicen, yana duban mahaifinsa. "Kowa a garin nan ya san tana da ciwon suga. Suga kuwa, Baba, daga dattin hanta yake tasowa. In aka wanke hanta an gama. Da zarar mutane sun ga Inna ta miƙe, ba sai na yi talla ba."

Luba tana gefe tana tsinkar zogale. Ba ta ɗago ba.

"Zulai, tambayi mijinki, ƙwayar asibitin fa?"

"Ta ci gaba da shan abarta," in ji Basiru. "Wannan nacural ne, ganye ne zalla. Ba shi da sayid ifet."

"Ba shi da me?" in ji Malam Mati.

"Ba ya illa, Baba."

"To ka ce haka mana."

Jikin kwalbar ya ce a sha ƙwaya ɗaya. Basiru ya yi nazari, ya gano cewa Bature ne ya rubuta wannan domin jikin Bature, wanda bai taɓa cin tuwon dawa ba. Saboda haka ya yanke biyu da safe, biyu da rana, biyu bayan tuwon dare, ya kuma damƙa wa Zulaihatu aikin tsayawa a kan surukarta har ta haɗiye.

Ba a jima ba cikin Luba ya fara kumburi, yana ƙugi kamar hadarin gabas. Sai tashin zuciya, sai gudawa ta biyo baya. Banɗakin gidan yana can bayan dangar sashen Basiru, shi kuwa wuni yake a gindin darbejiyar da ke bakin hanyar banɗakin yana latsa waya yana neman masu saye. Uwa ba ta ratsa gaban ɗan farinta da buta a hannu tana sauri, ta dawo, ta sake komawa. Sai Luba ta koma fita ta ƙofar baya, ta shiga cikin gero, raɓa tana jiƙa mata zani, taɓo yana kama mata ƙafa. Mace mai jikoki, tana tsugune a gonar mijinta tana kasa kunne ko wani mai noma zai gifta.

Da abin ya ishe ta, ta kira surukarta ɗaki.

"Zulai, ki ce masa maganin nan yana da ƙarfi."

Zulaihatu ta je ta dawo da fara'a.

"Ya ce alhamdu lillahi, Inna. Ya ce dauɗar shekara da shekaru ce take fita. Wai in bai wanke ciki ba ma, to jabu ne."

Wannan ita ce illar ƙorafin da ya bi ta hannun ɗan aike. Yakan tashi daga ɗaki yana koke, ya isa inda aka aike shi ya zama godiya.

Sai ta gwada mijinta. Ta same shi bayan la'asar ya dawo daga gona yana kankare ƙasa daga bakin garma.

"Malam, maganin nan bai karɓe ni ba."

"Wane magani ne yake shiga jiki da dariya? Maɗaci ma da ɗacinsa yake aiki."

"Jikina rawa yake yi. Da hantsi sai in ji gumi ya karyo mini, idona ya yi duhu."

"Yunwa ce. Wa ba ya jinta a garin nan?" Ya ajiye garmar, ya sassauta murya, domin shi ba mugu ba ne, mutum ne kawai mai maraƙi a cikin kwali. "Luba, tun da yaron nan ya gama makaranta ban taɓa ganin ya fita da safe yana sauri ba sai yanzu. Shekaranjiya a masallaci har Malam Basiru aka ce masa. Yanzu ke ce za ki fito ki ce hajar ɗanki ba ta da kyau? Wa zai saya bayan uwa ta kushe? Ki daure. Ai ganye ne."

"Na ji," in ji Luba.

Maganar yunwa kuwa gaskiya ya faɗa. A wannan daminar gidan ya koma tuwon dare da kunun safe, kunun ma tsararo. Luba takan kurɓi nata sau biyu ta miƙa wa jikoki ragowar, ta ce ba ta jin ci. A kan wannan kurɓin take ɗora ƙwayar asibiti, a kan ƙwayar ta ɗora Mai Ƙaya.

A da duk wata takan je asibiti a Bici a soki yatsanta a auna suga a ba ta magani. Da ranar ta zagayo, kuɗin mota ya riga ya ninka. Basiru ya ɗauki tsohon kwalin ƙwayar ya je kemis ya sayo mata irinta, abin da aka yaba masa ƙwarai.

"Zulai, ki ce masa awon fa?"

"Awon me kuma?" in ji Basiru ta bayan labule. "Asibiti ai don marasa lafiya aka gina shi."

Akwai lokacin da Luba ta yi dabara. Takan karɓi ƙwayoyin ta kai baki, ta kurɓi ruwa, in Zulaihatu ta juya sai ta tofo su a tafi ta ƙulle a bakin zani, daga baya ta jefa a murhu. Kwana biyu cikinta ya lafa, rawar jikin ta ragu. Amma tana yi tana jin kanta kamar ɓarauniya a gidanta, tana satar lafiyarta daga hannun ɗanta. A rana ta uku Zulaihatu ta juyo da wuri.

Yarinyar ta durƙusa, idonta ya kawo ruwa.

"Inna, don girman Allah. In bai ga canji ba, ni zai ce ban kula ba. Jiya ma sai da ya ce ko baƙin ciki nake yi da sana'arsa."

Luba ta dubi ƙwayoyin da suka jiƙe a tafinta. Tsakaninta da ɗanta akwai kunya, tsakaninta da matar ɗanta akwai kara, ita kuwa a tsakiya take kamar hatsi a kan dutsen niƙa. Ta mayar da su baki ta haɗiye.

"Tashi, 'yar nan. Ba abin da ya faru."

Bayan sati uku kamfani ya nemi shaida. Kowane wakili sai ya aika da hoton bidiyo na wanda ya sha ya warke. Aka fito da atamfar Luba ta zuwa biki, Zulaihatu ta shafa mata hoda ta zizara mata kwalli, aka zaunar da ita a inda haske yake. Ana cikin haka Larai ta yi sallama. Larai mai daddawa aminiyar Luba ce tun suna 'yan mata, mace ce da Allah ya yi bakinta bai sa masa linzami ba.

"Ah ah! Luba, amarya kika koma? Har da kwalli? Mati, ka riƙe matarka da kyau, in hoton nan ya shiga Kano wani Alhaji zai aiko da mota."

"Larai, naki bakin ya fi ƙarfin magani," in ji Luba.

Basiru ya saita waya. "Inna, ki dubi nan. Ki ce, ni Luba, na sha maganin da Malam Basiru ya kawo."

Luba ta sunkuyar da kai. Larai ta tafa hannu ta fashe da dariya.

"Kai ɗan nan, karatun ne ya cinye maka hankali? Luba ce za ta faɗi wannan sunan? Ka ajiye wayarka sai tashin ƙiyama."

"Inna Larai, masu saye suna bukatar su san wajen wa za su zo."

"To rubuta a goshinka."

Daga ƙarshe aka daidaita. Hannuwan Luba suna rawa, sai aka lulluɓe su da mayafi. Gumi yana tsattsafo mata ta cikin hoda, sai Zulaihatu ta goge aka ƙara wata. Ta dubi gefen wayar, ta ce, "Na sha maganin yaron nan, na samu sauƙi. Allah ya saka da alheri."

"Kin rame fa," in ji Larai da aka gama. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

"Kitse marar amfani ne ya narke," in ji Basiru.

Larai ta bi ta ɗaki, ta rage murya. "Ke, tsakaninki da Allah, lafiya kike?"

Saura kaɗan Luba ta faɗa mata gaskiya. Amma ta san abin da Larai ta ji da hantsi, bakin rijiya zai ji kafin azahar, kuma a bakin rijiya ake kashe kasuwa.

"Lafiya lau," ta ce. "Marka ce ba ta yi mini daɗi."

Bidiyon ya yi farin jini. Ya shiga wayoyin unguwa, ya tsallaka kogin Watari, har masu noman rani suka fara aiko da saƙo. Basiru ya ɗinka sabuwar riga. Malam Mati ya fara zama a sahun gaba a masallaci. Luba kuwa ta daina zuwa gidan suna da gidan gaisuwa, domin ba ta amince wa cikinta ya kai ta ya dawo da ita ba. Wata rana tana tuƙa tuwo muciya ta suɓuce mata, ta tsinci kanta zaune a ƙasa ba ta san lokacin da ta zauna ba. Wata rana ta tsaya a tsakar gida da ƙwarya a hannu ta rasa abin da ta fito ɗauka. Aka ce tsufa ne. Ita ma ta yarda tsufa ne, domin tsufa ba shi da uwar da za ta ji kunya in an zarge shi.

Sai aka sa ranar taro. Manajan kamfani zai zo daga Kano da kansa ya ga matar da ke cikin bidiyo, kuma za a tara matan unguwa su gani da idonsu. Aka aro bencuna daga makarantar Islamiyya. Shinkafar da Zulaihatu ta daɗe tana ɓoyo aka jiƙa aka yi waina. Basiru ya sayo lemon kwalba ya jera a babbar roba ya zuba ruwan randa a kai, ya gargaɗi kowa cewa na baƙi ne.

A safiyar ranar taron ba a dama kunu ba, murhu yana kan waina. Luba ba ta taɓa wainar ba, domin uwar gida ba ta riga baƙi cin abincin baƙi. Ta sha ƙwayar asibiti kamar kullum. Zulaihatu ta kawo Mai Ƙaya, yau guda uku.

"Ya ce don fuskarki ta yi haske, Inna."

Rana ta ɗaga, gida ya cika da mata. Aka zaunar da Luba a farar kujerar roba a tsakiya, cikin atamfar nan, kwalba a kan cinyarta. Manaja, wani mai farar shadda da turare, ya yi bayani a kan hanta, ya ce ita ce injin jiki, kuma injin da ba a yi wa juyen mai ba dole ya buga. Mata suka jinjina kai. Sai Basiru ya miƙe.

Tun manaja yana tsakiyar jawabi gumin ya karyo wa Luba, mai sanyi, yana bin gadon bayanta. Yatsunta suka fara kaɗawa a jikin kwalbar. Zuciyarta tana dukan ƙirji kamar ana sussuka. Fuskokin matan da ta sani tun ƙuruciya suka fara narkewa suna haɗuwa da juna. Ta nemi Zulaihatu da ido domin ta aike ta, amma Zulaihatu tana can bakin murhu tana juya waina. Malam Mati yana zaure tare da maza. Ba ɗan aike. Daga ita sai shi, yana tsaye taku biyu daga kujerarta, ya juya mata baya, yana nuna ta da hannu.

"Ga ta nan, ba labari aka ba ku ba. Wannan mahaifiyata ce. Ku dube ta da kyau."

Cikinta ya murɗa. Ta san in ta miƙe faɗuwa za ta yi, in ta zauna abin da ya fi faɗuwa zai faru. Robar lemo tana can gefe, ruwan yana ƙyalli, jikinta gaba ɗaya yana kiran abin da ke ciki. Ta buɗe baki ta ce "yaron nan", muryar ba ta wuce haɓarta ba. Ta sake cewa "mijin Zulai". Bai juyo ba, domin a duniya ba wanda ya taɓa kiransa da haka ya amsa.

"Basiru!"

Sunan ya fito da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba.

"Basiru, ka bari haka. Kashe ni kake yi."

Basiru ya juyo, bakinsa a buɗe, yana duban matar da ya shekara talatin da wani abu bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Wata tsohuwa ta rufe baki da gefen mayafi. Wata ta ce, "Inna lillahi, ta kira shi." Larai ta miƙe tsaye tana girgiza kai.

"Wallahi wannan ba Luba ba ce. Na san Luba tun ba ta iya ɗaura zani ba. Ko wuƙa aka sa mata ba za ta faɗi sunan nan ba. Wani ne yake magana da bakinta."

Kwalbar ta gangara ƙasa. Luba ta zame daga kujerar, kuma abin da ta yi makonni tana ɓoyewa a cikin gero ya faru a tsakar gidanta, a gaban unguwa, cikin atamfar biki.

Abin da ya biyo baya sai daga baya aka ba ta labarinsa. Mata suka kewaye ta da zannuwa, aka kai ta ɗaki aka gyara ta. Ba wanda ya yi gardama a kan abin da ya same ta, domin hujja ta fito a gaban shaidu: matar da ta kira sunan ɗan farinta, har ta ce zai kashe ta, ba ita kaɗai ba ce a jikinta. Wata ta tuna ta sha ganinta tana shiga gero ita kaɗai da sassafe, kuma kowa ya san masu zama a irin wuraren nan. Aka kawo garwashi aka zuba hayaƙi. Aka shafa mata man habbatus sauda a goshi. Aka tambayi baƙon da ke jikinta sunansa da abin da yake so, bai amsa ba. Manaja ya tuna yana da wani taron a Kano. Da zafi ya yi yawa, aka raba wa matan da suka tsaya taimako lemon nan, suka sha suka yi mata addu'a.

Sai bayan azahar aka samo malamin da ke koyarwa a Islamiyya, dattijo mai ƙarancin magana. Ya zauna ya yi karatu a kanta, ya taɓa goshinta, ya dubi gumin da ya jiƙa matashi.

"Malam Mati, Alƙur'ani waraka ne, amma wannan baiwar Allah asibiti take bukata. Tun yaushe take haka?"

"Tun hantsi."

"Kuka zauna?"

Aka shiga neman mota. Mai motar unguwa ba shi da mai, sai da aka zuƙo daga babura. La'asar ta wuce kafin su isa Bici.

Ma'aikaciyar jinya ta soki yatsan Luba, ta dubi na'urar, nan take ta ɗaura mata ruwa ta yi mata allura. Sannan ta juyo.

"Sugarta ce ta faɗi ƙasa warwas. Me take sha?"

"Ƙwayarku," in ji Malam Mati.

"Ita kaɗai?"

Malam Mati ya dubi silin. Basiru ya dubi takalminsa. Zulaihatu ce ta zura hannu cikin hijabi ta fito da kwalbar, ta faɗi yadda ake ba da shi.

Ma'aikaciyar ta juya kwalbar ta karanta. "Wannan ganyen shi ma yana iya saukar da suga, yana kuma iya ɓata ciki. Kun haɗa shi da ƙwayarmu, kun ninka shi, ga gudawa, ga ciki ba abinci. Ai ga shi a rubuce a nan ƙasa, mai ciwon suga ya tambayi likita kafin ya sha. Wa ya iya Turanci a gidanku?"

Idanu suka koma kan Basiru.

"Da tun tana rawar jiki, tana iya haɗiya, wani ya miƙa mata lemo ko ruwan suga, da ba a kai ga haka ba. Ba ku da lemo a garinku?"

Basiru ya koma duban takalminsa.

Luba ta rayu. Ta dawo gida gero yana fitar da kai, harshenta ya yi nauyi, ƙafa ɗaya tana jan ƙasa, kuma takan fara magana ta ɓace mata a tsakiya. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ta daɗe ba ta samu abincinta ba, wani abin zai dawo, wani ba zai dawo ba.

Gidan ya zauna ya raba alhaki, kuma aka yi rabon da adalci har ba wanda ya samu kaso. Malam Mati ya ce ƙaddara ce, abin da aka rubuta ba ya gogewa. Manaja ya aiko ta waya cewa kamfani bai taɓa cewa a sha fiye da ɗaya ba. Larai ta ce ita abin da ta ji da kunnenta ta faɗa, kuma wa zai zarge ta don ta kyautata wa aminiyarta zato? Zulaihatu ta ce umarni ta bi, sannan ta sha faɗa a kan fito da kwalba gaban bare. Masu zuwa dubiya aka gaya musu ciwon suga ne ya tashi, suka ce ai suga mugun ciwo ne, Allah ya sawwaƙe. Ragowar kwalin kuwa, Malam Mati ya ce dukiya ce, zubar da ita almubazzaranci ne. Sai Basiru ya koma kai shi kasuwar Zakirai, can nesa inda ba a san Luba ba sai a waya.

Ranar da hankalinta ya fara tattaruwa, Zulaihatu tana ba ta kunu a cokali, Luba ta riƙe mata hannu. Ta daɗe tana haɗa kalmomin. Zulaihatu ta ɗauka za ta tambayi abin da likita ya ce, ko ƙafar za ta warke, ko wa ya jawo mata wannan.

"Zulai. Da gaske... na kira shi?"

"E, Inna."

"Da suna?"

"E."

"Mutane... sun ji?"

Zulaihatu ta sunkuyar da kai. Luba ta saki hannunta, ta jawo mayafi da hannun da ke aiki, ta rufe fuskarta. Ta bayan katanga, a gidan maƙwabta, wani yana kunna waya, muryarta tana fitowa tangaran kamar yadda ba za ta ƙara fita ba: na sha maganin yaron nan, na samu sauƙi.

Tun daga ranar taron Basiru bai ƙara shiga ɗakin mahaifiyarsa ba. Yakan tsaya a bayan labule da safe ya yi gaisuwa yana duban ƙasa, ba ya jiran amsa sai ya wuce. In an fito da ita shan iska, sai ya zaga ta ƙofar baya, ta cikin gero. In yana da saƙo, Zulaihatu yake ba wa. Ko kalmar Inna ta daina fita a bakinsa, sai dai ya ce "mai jikin".

Matan unguwa sun lura da wannan, kuma ya burge su. A bakin rijiya suka yi ittifaƙi cewa albarkar tarbiyya ce, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Suka ce a zamanin nan da 'ya'ya suka fetsare, ba su taɓa ganin ɗa mai kunyar uwarsa irin Basiru ba.